Galan ɗin Ruwan Goggo

Gari ya waye ke nan, rana ba ta gama fitowa ba, kuma an kwana ana yayyafi, tsakar gidanmu duk ta jiƙe. Na fito da bokiti zan wanke mota, sai na tarar Baba ya riga ni. Ya buɗe ƙofofin Goggo duka huɗu, ya ciro kujerar baya ya jingina ta da bango, ga shi ya sunkuya cikin but yana kokawa da tayar ko-ta-kwana.

Goggo motarmu ce. Ƙarama ce, mai ruwan ƙasa, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita Baba yake koya wa mutane tuƙi tun kafin a haife ni. Ni ma da na bar makaranta a cikinta na koya, har na zama ni nake fita da 'yan koyo duk ranar da ciwon ƙafar Baba ya tashi. A gaban kujerar mai zaman banza akwai birki na biyu da Baba ya sa mai walda ya haɗa masa, don in ɗan koyo ya rikice ya taka masa. Rabin direbobin unguwarmu a cikin Goggo mota ta fara mace musu a tsakiyar titi.

"Baba, kujerar fa?" na ce.

"Nauyi ce."

"Tayar kuma? In muka yi faci a hanya fa?"

"Ba za mu yi ba. Kai ma da da hali da na rage ka, sai dai yayanka ya ce dole a tafi da kai."

Ya fitar da jak, ya fitar da akwatin sifana, har tabarmin ƙafa bai bari ba. Abu ɗaya kawai ya rage a but, koren galan ɗin ruwa. Shi wannan ba a tambaya. Goggo tana da zafin rai a kan tudu, lagiretonta yakan tafasa, don haka ba ta zuwa ko'ina sai da galan ɗinta.

Abin da ya jawo wannan aiki kuwa, Yaya ne ya dawo gida da sabuwar mota. Shi ne babbanmu, yana aiki a wani kamfani, kuma ya daɗe yana cewa zai sa hannu a makarantar Baba. Motar ƙarama ce ita ma, fara, mai santsi. Ba ta da kulochi, ba ta da makullin da ake murɗawa, sai wani maɓalli da ake dannawa. Kawu Mai Faci, aminin Baba da ke da rumfa a bakin titinmu, yana ganinta ya ce wannan ai sabulun wanka ne aka sa wa taya. Sunan ya bi ta, kowa sai Sabulu.

Yaya ya ce a sayar da Goggo, Sabulu ta maye gurbinta. Tsakar gidan ba ta ɗaukar mota biyu, makarantar ma ba za ta iya ciyar da biyu ba. Ni ma ina bayansa, don ni nake ganin 'yan koyon da suke zuwa su leƙa Goggo su ce za su dawo gobe. Wata yarinya ma ta taɓa tambayata ko da ita aka yi yaƙin duniya.

A wajen cin abinci aka yi gardamar.

"Goggo ba shan mai take yi ba, lasa take yi," in ji Baba.

"Baba, allurar da ke nuna man tankinta ta mutu tun ina firamare," in ji Yaya. "Ta yaya kuka san abin da take sha?"

"Girgiza ta nake yi in saurara."

Gaskiya ya faɗa. Kullum da safe yakan dafa ta ya jijjiga, ya kara kunne wajen tanki, ya ce ta kai mu yamma, ko ya ce ba ta kai ba.

"Motocin yanzu kwamfuta ce take auna musu mai, ɗigo-ɗigo," in ji Yaya.

"Ni ma ƙafata ɗigo-ɗigo take aunawa. Taku kuma tana ɗauke da esi mai hura sanyi, da talabijin, da gilashi mai hawa da kansa. Duk wa yake ciyar da su?"

Magana ta yi ta tafiya har Baba ya faɗi abin da Inna take ta harararsa kada ya faɗa. Ya ce a gwada. A cika su biyun a famfo ɗaya har mai ya leƙo baki, a je babbar gada a dawo, a sake cikawa a wannan famfon. In Goggo ta fi sha, a sayar da ita, ba zai ce uffan ba. In ba ta fi ba, Yaya ya ɗauki sabulunsa ya koma da shi banɗaki. Ba mai sayen mai a hanya. Kowace mota kuma za ta ɗauki wakilin ɗaya ɓangaren: Kawu Mai Faci ya shiga ta Yaya, ni in shiga ta Baba.

Da na kai kwanuka kicin, Inna ta ce da ni, ba tare da ta juyo ba, "Auta, ba motar yake ji ba fa."

"To me yake ji?"

"Waccan ba ta da kulochi, ba ta da giyar hannu. Me zai koya wa mutane? Ranar da aka kawo ta na gan shi ta taga. Ya shiga yana ta laluben inda ake zura makulli, da bai samu ba ya fito ya ce kujerar tana sa masa ciwon baya. In Goggo ta tafi, babanku ya zauna ke nan."

A raina dai na ce ai ya isa hutu.

Muka isa gidan mai, muka tarar Yaya da Kawu sun riga mu. Kawu ya ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya leƙa cikin Goggo ya ga babu kujerar baya.

"Direba, ɓarayi ne suka shiga?"

"Azumi take yi," in ji Baba.

"To ka cire ƙofofin mana, ai su ma nauyi ne. Ni dai yau na shiga sanyi. In na mutu a ciki kada ku fito da ni."

"Wakilina ne kai ko ɗan yawon buɗe ido?"

"Wakilinka ne, amma ba da zufa ba."

Matar da ke zuba mai ta san mu, don Baba ne ya koya wa ƙaninta tuƙi. Da aka yi mata bayani ta yi dariya ta ce ta yarda ta zama alƙaliya. Ta cika Sabulu har famfo ya tsaya da kansa. Baba ya ce bai yarda ba, a girgiza. Ni da Kawu muka dafa motar muka jijjiga, iska ta fita, aka ƙara har mai ya leƙo. Aka yi wa Goggo haka ita ma. Baba ya rufe tankin da hannunsa, ya goge bakin da tsumma.

Muna hawa titi ya ce in rufe gilashi.

"Baba, rana za ta yi fa."

"Iska tana jan mota baya. Rufe."

Na rufe. Yana taka totur kamar akwai ƙwai a ƙarƙashinsa. Kafin mota ta yi ƙara ya canja giya, kafin ta sake yi ya kuma canjawa. In ya hango danja tun daga nesa sai ya ɗaga ƙafa, mu yi ta rarrafe har ta ba da hannu, don kada ya tsaya ya sake tashi. Da muka fita gari muka samu gangara, sai ya fitar da giya ya kashe injin gaba ɗaya, muka gangara shiru, ba abin da ake ji sai kukan taya. Wannan abu ne da in ɗan koyo ya yi, Baba zai sauke shi ya ce ya koma gida a ƙafa. Na kalle shi. Bai kalle ni ba.

Manyan motoci suka taru a bayanmu suna ta hon. Wani yaron mota ya leƙo ya ce, "Baba, gawa kuka ɗauko?" Na zame cikin kujera na rufe fuska da hula. Can sai ga Sabulu ta zo ta gefenmu. Kawu ya sauke gilashi kaɗan, ya yi kamar yana rawar sanyi, ya ɗaga hannu, suka wuce.

"Bari su yi gudu," in ji Baba. "Gudu mai ne."

Rana ta fito sosai, ruwan da ya kwanta a kan hanya ya fara tashi, cikin motar ya zama kamar tukunya. Rigata ta manne da kujera. Baba yana zufa har tana ɗiga daga haɓarsa, amma yana ta magana. Ya nuna min kwanar da ya koya wa Yaya ribas, ya nuna min inda Inna ta taɓa karɓar sitiyari sau ɗaya a rayuwarta, ta nufi garken shanu ta rufe ido. Ya ba ni labarin ranar da ya sayo Goggo, wai mai ita ya yi kuka. Ni dai ina cewa "to" da "ikon Allah". Daga lokaci zuwa lokaci sai ya yi shiru, ya ɗan kaɗa sitiyari hagu da dama, ya kasa kunne. Man yake saurare. Duk saurarawa sai na ga fuskarsa ta ƙara tsukewa.

Da muka kai babbar gada, su Yaya har sun sha shayi sun gaji da jira. Kawu ya ce ya ɗauka mun biya ta ƙasar waje. Yaya ya kawo wa Baba ruwan sanyi, ya ce ko su jira mu mu juya tare.

"Ku tafi," in ji Baba. "Za ta ɗan huta."

Suka tafi. Baba ya gyara fakin a bayan wata babbar mota da aka ajiye a gefen hanya, ya ce in tsallaka in sayo mana burodi a wani shago da ya nuna min can gaba. Na tsallaka. Kafin in kai na hango shagon a rufe, da kwado. Sai na juyo.

Ta tsakanin tayoyin babbar motar na fara ganin ƙafafunsa. Na ɗan matsa. Baba ya tsuguna a gefen Goggo, ya buɗe tanki, ya zura wata gorar roba da aka yanke gindinta, yana tuttula abin da ke cikin koren galan ɗin. Ya ja gefen rigarsa ya kare. Yana zubawa yana waige, hagu, dama, kamar yaron da ya shiga kicin ba a aike shi ba. Garin waigen har fetur ya zubo masa a takalmi.

Na tsaya. Kunya ta rufe ni, kamar ni aka kama.

Lokacin da nake koyo, na taɓa gogar ƙofar gidan wani maƙwabci da Goggo. Ba wanda ya gani, fentin ma kaɗan ne ya fita. Baba ya kashe mota, ya riƙe hannuna, ya kai ni ya sa na ƙwanƙwasa ƙofar da kaina. Mutumin ma bai san an goge ta ba sai da muka nuna masa. Wannan Baban ne yau a tsugune, da gorar roba a hannu.

Na juya a hankali na koma. Na wuce rufaffen shagon, na yi ta tafiya har na samu wani, na sayi burodin, na tsaya ina kallon mai shagon yana jera kaya kamar ban taɓa ganin ana jera kaya ba. Da na dawo na tarar Baba a zaune a mazauninsa, hannu biyu a kan sitiyari.

"Ka daɗe."

"Na farkon a rufe yake."

Ya dube ni da sauri, sannan ya kau da kai ya tada mota.

Warin fetur ya cika motar, ga gilashi a rufe. Can ya ce, "Kafireta ce take ɗan tsiyaya."

"To, Baba."

Ya sa hannu ya sauke gilashinsa. Ni ma na sauke nawa. Burodin yana kan cinyata, ba wanda ya taɓa shi.

A hanyar dawowa akwai wani dogon tudu, wanda muka gangara shiru da safe. Goggo ta kama shi da giya uku, ta koma biyu, ta fara nishi. Rana ta take. Kafin mu kai rabi na ji wannan warin da na sani, na ruwan zafi da tsatsa, sai tururi ya fara fitowa ta gefen bonet. Baba ya sauka gefen hanya ya kashe ta.

"Auta, ɗauko gal..."

Bai ƙarasa ba. Bakinsa ne ya riga shi, don kalmar da yake faɗa ke nan a kan kowane tudu shekara da shekaru. Ni kuma ƙafata ta riga ni, har na fita na buɗe but. Na ɗaga galan ɗin. Ba nauyi. Yankakkiyar gorar tana kwance a gefensa, tana ƙyalli.

Na zagayo da shi a hannu. Baba ya fito ya tsaya a gaban mota, tururi yana tashi a bayansa. Ya kalli galan ɗin, ya kalle ni. Ban taɓa ganin idon Baba ya kasa tsayawa a kan nawa ba sai ranar.

"Ruwan ya ƙare," na ce. "Bari in nemo."

Can ƙasa da hanya akwai wasu gidaje da famfon tuƙa-tuƙa. Na tarar da wata dattijuwa tana wanki a wajen. Na gaishe ta, na ce ruwa nake so na mota. Ta karɓi galan ɗin za ta tara min, sai ta kai shi hanci.

"Ɗan nan, wannan ai na fetur ne."

"Eh, Iya."

"A mota za ka zuba, ko shayi za ka dafa wa maƙiyinka?"

Ta ɗebo garin sabulu daga na wankinta ta zuba min, ta ce in ƙara da yashi. Na girgiza na zubar, na sake, na sake, har sai da ta shinshina ta ce ya yi. Na cika shi. Yankakkiyar gorar da na ɓoye a aljihu na jefa ta cikin tarin shararsu.

Da na hau hanya na tarar Baba zaune a kan wani dutse, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na zauna nesa kaɗan. Sai an jira injin ya huce kafin a buɗe lagireto, wannan shi ya koya min, don haka muka jira. Motoci suna wucewa suna kaɗa mana riga.

"Kai ne wakilin yayanka," in ji shi, yana kallon ƙasa.

"Eh."

"Abin da ka gani shi za ka faɗa."

"Na ga ta yi zafi a tudu, Baba."

Ya murza hular a hannunsa. Na ɗauka zai ƙara wani abu, amma sai ya tashi, ya naɗe hannunsa da tsumma, ya buɗe murfin a hankali. Na zuba ruwan, Goggo ta shanye kusan duka.

Sauran hanyar bai kashe injin a gangara ba. Ya tuƙa ta yadda yake koya wa mutane, madubi, sigina, giya a kan lokaci.

La'asar ta yi kafin mu shiga gidan man. Yaya yana tsaye a bakin titi, waya a hannu, yana ganinmu ya sauke ajiyar zuciya. Kawu kuwa ya tara jama'a. Masu babur, da mai sayar da lemo, da wasu direbobi biyu da Baba ya yaye, duk an ba su labari suna jira.

Aka fara da Sabulu. Alƙaliya ta zuba, muka girgiza, ta ƙara. Lita goma sha ɗaya da ɗan ɗori.

"Da esi fa," in ji Kawu. "Ni shaida ne, har mura ta kama ni."

Aka matso da Goggo. Baba bai tsaya kusa da famfon ba, ya koma gefe ya harɗe hannu a baya. Lambobi suka fara gudu. Suka wuce takwas, suka wuce goma. Da suka wuce na Sabulu wani ya ce "kash". Ni na riga na san za su wuce, abin da ban sani ba shi ne inda za su tsaya. Suka tsaya a sha uku. Muka girgiza, ta karɓi ɗan kaɗan, mai ya leƙo.

Sai Kawu ya cire hularsa ya jefa sama.

"Lita biyu! Jama'a, lita biyu kacal! Tsohuwar da ta yi jika! Direba, wallahi ƙafarka zinariya ce!"

Masu babur suka hau tafi. Ɗaya daga cikin direbobin ya ce shi dama ya sani, motocin da ƙarfe ne na gaske, na yanzu kuwa gwangwani. Alƙaliya ta ce tun da take zuba mai ba ta taɓa ganin tsohuwar mota mai kafireta ta yi haka ba. Mai lemo ya ɓare ɗaya ya kai wa Baba kyauta. Duk wanda ya yabe shi sai na ga kamar an ɗora masa bulo a kafaɗa. Ya riƙe lemon, bai sha ba.

Yaya ya zagaya Goggo yana girgiza kai. Shi mutum ne da in ya ga abu yakan yarda.

"Baba, wallahi na ɗauka za ta kusa ninka tawa. Na yi mata rashin kunya." Ya dafa bonet ɗin. "Wannan tazarar ba ta kai a rabu da ita ba. Na janye. A bar ta ta ci gaba da aikinta, ni zan san yadda zan yi da tawa."

"Ka ji ɗan halak!" in ji Kawu.

Yaya ya juyo wajena yana dariya. "Ko akwai abin da ban sani ba, wakili? Ba ku tura ta da hannu ba dai ko?"

Kowa ya yi dariya, suka juyo suna kallona. But ɗin yana buɗe, galan ɗin yana ciki, wankakke, yana ƙamshin sabulu. In na yi shiru, Goggo ta zauna, Baba ya ci gaba da fita da 'yan koyonsa. Na kalli takalmin Baba, inda man ya bar tabo.

Sai na ji ƙarar makullai. Baba ne yake zare na Goggo daga cikin zoben da ke ɗauke da na gida. Farcensa ya ƙi shiga, ya yi ta fama har ya fito da shi. Ya miƙa wa Yaya.

"Mun ce in ta fi sha ta tafi. Ta fi sha."

"Baba, lita biyu ce fa."

"Na fi ka sanin abin da ta sha."

"Direba, kai ma dai," in ji Kawu. "Yaro ya ce ya janye, kai kuma..."

"Na ce na fi ku sani."

Ya kama hannun Yaya ya sa masa makullin, ya ajiye lemon a kan bonet, ya ce zai taka zuwa gida, ƙafarsa ta sage. Muka bi shi da kallo har ya sha kwana. Yaya ya dube ni.

"Me ya faru a hanya?"

"Ta yi zafi a tudu," na ce.

Wani makanike ne ya saye ta, ya ce zai yi amfani da kayanta. Ranar da ya zo ɗauka Baba bai fito daga ɗaki ba. Inna ce ta fito ta cire carbin da ke rataye a madubi, ta ɗauke galan ɗin ta kai bayan kicin. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban faɗa mata ba. Ni da Baba kuwa muka koma gaisuwa kawai. In na shigo ya tashi, in ya shigo in sami abin yi a waje. Yaya ya sa mai walda ya haɗa wa Sabulu birki na biyu, ya bar mana ita ya koma wajen aikinsa. Ni nake fita da 'yan koyo, kuma sun ƙaru.

Wata safiya na fito da bokitina, sai na ga mutum a cikin Sabulu. Baba ne, da hularsa ta fita aiki. Ya sa bel, ya gyara madubi. Yana danna maɓallin, fitilun gaban sitiyari su kama, rediyo ta yi magana, amma injin shiru. Ya sake dannawa, komai ya mutu. Ya sake. Ƙafarsa ta hagu tana ta laluben kulochin da babu. Ita kuwa Sabulu ba ta tashi sai an taka birki an danna, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa, don bai taɓa tambaya ba.

Na ajiye bokitin. Na buɗe ƙofar mai zaman banza, na durƙusa kamar zan ciro tabarmar ƙafa in kakkaɓe. Na sa tafin hannu a kan birki na biyu, na danna shi har ƙasa, na riƙe. Na san birkin da ke gabansa shi ma ya nutse, don a haɗe suke. Ya kalli ƙasa. Ya ɗora ƙafarsa ta dama a kai, ya danna maɓallin.

Injin ya tashi, a hankali, kamar mai jin nauyin mutane.

Na zare hannuna, na ciro tabarmar na fita da ita. Baba yana kallon gaba.

"Madubin gefen nan da datti," in ji shi.

Na ɗauko tsumma na goge.